Na haɗa ƙaramar na'urar watsa murya ta AM, amma ba ta wuce bakin ƙofa

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne a wata kwalejin fasaha, sashen lantarki. Na samu zanen wata ƙaramar na'urar watsa murya ta AM na haɗa: osileta, wato abin da ke haifar da siginar, na kiristal mai megahaz 1, irin ɗan gwangwanin nan mai ƙafa huɗu, da ƙaramar taransifomar da na ciro daga matacciyar rediyo, da batir, sai waya kamar mita ɗaya a matsayin eriya. Na jona salulata, karatu ya fito a rediyo tangaran. Amma ina fita da rediyon tsakar gida sai shuuu kawai nake ji. Gidanmu babban gida ne mai sassa da yawa, burina kowane sashe ya kama, in so samu ne har maƙwabta. Wani mai gyaran amfilifaya ya ce in ƙara babban taransisto irin C5200. Shin hakan zai yi? Kuma akwai laifi a doka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara basira. Tunda murya ta fito a rediyo, ka riga ka wuce inda da yawa suke tsayawa. Sai dai maganar C5200 ka ajiye ta gefe, ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke damun na'urarka ba ƙarancin wuta ba ne. Wutar da take samarwa ce ba ta da hanyar fita, kuma laifin yana wurin eriya da wayar ƙasa.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin shi ne zai gamsar da kai. Siginar rediyo tana tafiya kilomita 300,000 a daƙiƙa. Taka tana kaɗawa sau miliyan ɗaya a daƙiƙa, saboda haka tsawon zango ɗaya nata mita 300 ne. Eriya a tsaye tana aiki yadda ya kamata ne idan tsawonta ya kai rubu'in zangon, wato mita 75. Wannan ne ya sa gidajen rediyo masu matsakaicin zango suke kafa dogayen turakun ƙarfen nan a fili a bayan gari. Ba wani abu aka ɗora a kan turken ba, shi kansa turken ne eriyar. Ɗauki kilohaz 594 da aka san Rediyon Najeriya Kaduna da shi: zangonsa ya haura mita 500, rubu'insa kusan mita 126. Kai kuma mita ɗaya ka ba taka.

Ko ka ƙara wayar ta kai mita 3, kashi ɗaya cikin ɗari na zangon ke nan. Irin wannan gajeruwar eriya, ɓangaren turjiyarta da ke mayar da wuta ta zama siginar da ke tashi sama bai wuce om 0.04 ba. Turjiyar da ke cinye wutar a banza kuwa, a cikin ƙasa da cikin koyil, takan kai om 30 ko fiye. Wutar kuma gwargwadon waɗannan lambobi biyu take rabuwa. Ma'ana, ko an daidaita komai tsaf, abin da ke tashi bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu ba, saura duk ɗumama ƙasa da waya yake yi. Idan ba a daidaita ba, kamar yadda taka take yanzu, ko wannan ɗan kason ba ka samu. Abin da rediyonka ke kamawa a ɗaki ɗan filin lantarkin da ke kewaye da wayar ne kawai, shi kuwa taku kaɗan za ka yi ya ɓace. To ka ga wanda ya ƙara wuta a wannan hali asara ya ƙara. Ga kuma wata: kafin nisan da ake jin ka ya ninka biyu, sai wuta ta ninka huɗu aƙalla. Daidaita eriya kuwa yana iya ninka abin da ke fita sau goma-goma ba tare da batir ya ji a jikinsa ba.

Koyil ɗin eriya

Gajeruwar eriya a wurin na'ura ƙaramar kafasita ce. Sanda mai mita 3 tana da kimanin 30 pF, kuma a megahaz 1 wannan turjiya ce da ta haura om 5,000, wadda ke tare wutar tun daga gindi. Maganinta koyil da za a sa a jere tsakanin na'ura da eriya, wanda zai soke wannan turjiya. A kilohaz 1000 kana buƙatar kimanin maikurohenri 850. A kilohaz 1350 kuwa wajajen 460 ya isa.

Kada ka sayi ƙananan koyil ɗin nan masu kama da rasista don wannan aiki, asararsu ta yi yawa. Naɗa naka. Nemi guntun bututun roba na masu aikin famfo, mai faɗin inci 4, tsawon taƙi ɗaya. Je wurin masu naɗin injin fanka ko janareta ka sayi wayar tagulla mai fenti, mai kaurin rabin milimita, kamar mita 32. Huda ƙananan huji biyu a bakin bututun ka zura wayar ta kama, sannan ka fara naɗi, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, kada wani ya hau kan wani. Duk zagaye biyar ka ɗan murɗa wayar ta yi kunne, ka ci gaba. Idan ka kai 90 ka tsaya ka ɗaure. Daga nan ka bi kunnuwan ɗaya bayan ɗaya da reza ka kankare fentin har jan tagullar ya fito, ka shafa musu dalma. A kilohaz 1000 za ka samu daidai a wajajen zagaye 80, a 1350 kuma tsakanin 55 da 60. Ban ce lamba kaza cif ba, saboda katanga da kwanon rufi da ke kusa da eriyar duk suna sauya lissafin. Amfanin kunnuwan ke nan.

Sauraron rediyo da kunnenka ba zai gaya maka wurin da ya dace ba, domin rediyo tana da da'irar da ke rage ƙarfi da kanta idan sigina ta yi yawa, sai ka ji kamar duk ɗaya ne. Haɗa ɗan ma'auni. Ciro diyod ɗin gilashi daga matacciyar rediyon, irin 1N60 ko 1N34, ka jona masa waya taƙi biyu a gefe ɗaya. Daga wannan gefen ka sa rasista 100k zuwa baƙar igiyar mitarka. Ɗaya gefen diyod ɗin ya tafi jar igiya, sannan kafasita 10 nF tsakanin igiyoyin biyu. Sa mitar a kan milibolt 200 na DC, ka ajiye ta taku biyu daga eriya. Matsa maƙalin da ke jona waya da koyil ɗin daga kunne zuwa kunne, kana janye hannunka kowane lokaci kafin ka karanta, domin jikinka ma yana sauya daidaiton. Za ka ga lamba tana rarrafe, 2, 3, 5, sai a wani kunne guda ta yi tsalle, a na gabansa ta faɗo. Wurin tsallen nan shi kake nema.

Ita eriyar, bututun alminiyam ko na tagulla ya fi siririyar waya. Ta tsaya a tsaye, a fili, ba a jingine da bango ba.

Wayar ƙasa

Nan ne mutanenmu suka fi sakaci, alhali rabin eriyar ke nan. Wutar da ta fita ta sandar sama dole ta dawo ta ƙasa, kuma ƙasarmu ta arewa, musamman mai rairayi a cikin rani, ba ta da kirki wajen wucewar lantarki. Kafa rodi ɗaya a busasshiyar ƙasa a watan Maris kusan daidai yake da ba ka kafa komai ba. Kafa shi inda danshi ba ya yankewa, kusa da rijiya ko inda ake alwala. Abin da ya fi rodin ma amfani shi ne wayoyin shimfiɗa: yanki waya takwas ko fiye, kowace mita 5 zuwa 10, ka haɗa kawunansu a gindin eriya, ka baza su ta kowace fuska, ka ɗan binne su don kada yara da awaki su kwashe. Manyan tashoshi abin da suke yi ke nan. Ƙa'idar da aka saba da ita a Amurka waya 120 ce a binne kewaye da turke. Duk wayar da ka ƙara, duba mitar nan taka, za ka ga lambar ta ɗaga. Idan ka ga ƙarin ya daina tasiri sai ka tsaya.

Kada ka kuskura ka ɗauki wayar ƙasa daga soket ɗin gida. Ban da hayaniyar da za ta kwaso maka, a gidaje da yawa ramin nan na uku ba a jona shi da komai ba, a wasu kuma an jona shi ba daidai ba.

Ita kanta na'urar

Zanen da ka bi yana da kyau don koyo, amma yana da aibu uku. Na farko, ɗan gwangwanin nan an yi shi ne don kwamfuta, siginarsa mai kusurwa ce, saboda haka ban da megahaz 1 yana fitar da ƴaƴa a megahaz 3 da 5 da sama, cikin gajeren zango inda wasu ke aiki. Na biyu, muryar tana shiga ne ta hanyar ɗaga wutar osiletan da sauke ta, shi kuwa bolt 5 yake so. Idan ka ƙara sauti wutar ta sauka sosai sai ya ɗauke, muryar ta dinga tsinkewa. Na uku, ba ka da ikon matsawa. A Afirka da Turai tashoshin matsakaicin zango tazarar kilohaz 9 ce tsakaninsu tun yarjejeniyar Janeba ta 1975, daga 531 zuwa 1602. Shi ya sa rediyo mai lambobi za ta ba ka 999 ko 1008, ba za ta ba ka 1000 ba. A 999 za ta kama ka, amma idan da wata tasha a wurin, da dare za ka ji siririn fito yana bin muryarka, kuma ba yadda za ka yi ka kauce.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka raba aikin gida uku: mai haifar da siginar dako, wato siginar da murya za ta hau, sai mai tsare shi, da mai ɗora wa siginar murya.

Na farkon osileta ne irin wanda Edwin Colpitts ya ƙirƙiro a 1918, taransisto ɗaya ya ishe shi. Kolekta ta tafi bolt 9, da kafasita 100 nF daga nan zuwa ƙasa. Bes ta samu rasista 100k daga sama da 47k zuwa ƙasa. Emita ta sauka ta rasista 1k. Sa kafasita 270 pF tsakanin bes da emita, wata 270 pF daga emita zuwa ƙasa. Koyil mai maikurohenri 100 ya tashi daga ƙasa ya shiga bes ta cikin kafasita 10 nF. Wannan zai ba ka wajajen kilohaz 1350. Ciro kafasitar neman tasha daga matacciyar rediyon ka sa ta a kan koyil ɗin, da ita za ka riƙa matsawa ƙasa har ka samu gurbin da ba kowa. Na zaɓi saman zangon da gangan: eriyar mita 3 a 1350 tana fitar da kusan ninki biyu na abin da za ta fitar a 1000, kuma koyil ɗin da take buƙata ya fi ƙanƙanta.

A kula da ƙafafun taransisto, domin nan ake yawan ƙona su. Idan ka fuskanci gefen da ke da rubutu, ƙafafu suna ƙasa, BC547 daga hagu kolekta ce, bes, emita. 2N3904 akasin haka ne: emita, bes, kolekta. C945 da C1815, waɗanda su za ka fi samu a tsofaffin rediyoyi da wurin masu kayan gyara a Sabon Gari, nasu emita ce, kolekta, bes. Duk za su yi aikin, amma ba a cire wannan a cusa wancan ido rufe.

Na biyun taransisto ne da ke karɓa daga emitar osileta ta ƙaramar kafasita, ya fitar ta tasa emitar. Ba ya ƙara ƙarfin komai. Aikinsa kada abin da ke faruwa a eriya ya dawo ya ja osileta. In babu shi, duk wanda ya gifta kusa da sandar sai tasharka ta gusa.

Na ukun shi ne inda murya ke hawa, kuma akwai dabara mai sauƙi da ba ta buƙatar taransifoma. Sami LM386, ƙaramin amfilifayan nan mai ƙafa takwas. Ba shi bolt 9 a ƙafa ta 6, ƙafa ta 4 da ta 2 ƙasa, sauti ya shiga ƙafa ta 3 ta bolum mai 10k. Ƙafa ta 5, wadda aka saba kai wa lasifika, idan ba sauti tana zaune ne a rabin wutar, wato bolt 4.5, idan sauti ya zo kuma ta dinga hawa da sauka tare da shi. To maimakon lasifika, ɗauki wutar kolektar taransisto na ƙarshe, wanda ke karɓa daga na biyun, kai tsaye daga wannan ƙafa, ta cikin koyil mai milihenri 1, ba tare da babbar kafasitar da aka saba sa wa a wurin ba. Murya ta ɗaga, siginar dako ta kumbura. Murya ta sauka, ta tsuke. AM ɗin ke nan gaba ɗayansa. Daga kolekta sai kafasita 10 nF, sai matata mai kafasita 2.2 nF biyu zuwa ƙasa da koyil mai maikurohenri 5.6 a tsakaninsu, sai babban koyil ɗinka na bututu. Sa mita a layin kolekta, ka ƙara rasistar emita, daga om 22 zuwa 47, har ta nuna miliamf 20. Bolt 4.5 sau miliamf 20 miliwat 90 ke nan. Ka ga C5200, mai ɗaukar wat 150, ba shi da abin yi a nan.

Wuta kuma daga batir za ta fito. Ƙaramin batir mai bolt 12 da 7809, mai sauke wutar zuwa bolt 9, a gabansa ya wadatar. Cajar salula kada ta kusanci wannan aiki, kuma kada ka bar salular tana caji alhali tana jone da na'urar, in ba haka ba gurnani zai rufe karatun.

Wajen buɗe bolum a yi hattara. Idan sauti ya wuce kima, siginar dako takan ɗauke ɗif a ƙasan kowace kaɗawa, muryar ta dushe, kuma ka fantsama cikin tashoshin da ke gefenka. Ajiye rediyo a nesa, ka ƙara bolum sannu a hankali har ka ji murya ta fara karcewa, sai ka dawo baya kaɗan. Gwada kuma gurbi biyu sama da biyu ƙasa da naka. In kana jin ɓurɓushin muryarka a can, ka ƙara ragewa.

Da wannan haɗin, da rana, babban gida zai kama ba wahala, har ya yi saura. Da dare labari yakan sauya. Wani sashe na sararin sama da ke shanye siginar matsakaicin zango da rana yana gushewa bayan faɗuwar rana, sai tashoshin ƙasashe masu nisa su sauko su cika zangon. Saboda haka bayan isha'i za ka zaɓi gurbinka, ba da azahar ba. Idan wani sashe na gidan ya kasa kamawa alhali na bayansa yana ji, kafin ka zargi na'urarka kashe inbata da fitilun LED na sashen ka gani. Sau da yawa su ne. Sannan a juya rediyon, domin sandar da ke cikinta tana da gefen da ba ta ji da shi.

Maganar doka

Yawancin zane-zanen da ke intanet za ka ga an rubuta cewa ba sa buƙatar lasisi. Dokar Amurka suke nufi. Hukumar FCC, mai kula da sadarwa a can, a sashe na 15 na ƙa'idojinta ta yarda mutum ya watsa sigina tsakanin kilohaz 510 da 1705 ba lasisi, da sharaɗin wutar da ke shiga matakin ƙarshe kada ta wuce miliwat 100, kuma eriya da igiyarta da wayar da ke sauka ƙasa, a haɗe, kada su wuce mita 3. Daga can lambobin nan biyu suka samo asali, ni ma na bi su ne don iyaka ce mai hankali. Amma izinin FCC a Amurka ya tsaya. A Najeriya watsa shiri ga jama'a sai da lasisin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa da Doka ta 38 ta 1992, kuma dokar na'urorin sadarwa marasa waya ta 1961 ta ɗora sharaɗin lasisi a kan kafa na'urar aika sigina. Masu karatu a Nijar da Gana da Kamaru, kowace ƙasa da tata hukumar, ita za a tambaya.

Saboda haka maganar maƙwabta ka cire ta. Da zarar ka sa wa unguwa lokaci ka ce su murɗo kaza, ka zama gidan rediyo, komai ƙanƙantar wutarka, kuma komai kyawun abin da kake sawa. Tunda ɗalibi ne kai, kai aikin sashenku ya zama a ƙarƙashin malami. Yawancin gwajin ma ba ya buƙatar eriya: sa rasista mai om 47 a madadinta, rediyon da ke kan teburi za ta kama, ka gyara sauti da komai ba tare da ka fita ko'ina ba. Kafin ka ɗaga sandar a gida, bari sashen ya nema maka bayani a rubuce daga hukuma. Idan watsa shiri ne ya shiga ranka, akwai lasisin rediyon makarantu, irin wanda BUK FM ke aiki da shi a 98.9, akwai kuma na rediyon al'umma. Idan kuwa haɗa na'ura ne da magana da na nesa, nemi masu rediyon sha'awa. Alamar kiran na Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, kuma suna da zangon mita 160 dab da saman matsakaicin zango, inda duk abin da ka koya a kan koyil da wayar ƙasa zai yi maka aiki kai tsaye.

Ranar da za ka kafa sandar, ɗaga kai ka dubi wayoyin wutar layinku tukuna, ka zaɓi wurin da ko ta faɗi ba za ta taɓa su ba. Saman koyil ɗin yakan tara bolt mai yawa idan an daidaita shi, yana iya ɗan ƙona yatsa, don haka a ɗaga shi inda hannun yara ba ya kaiwa. Da damina kuma, hadari na haɗowa ka cire eriyar daga na'ura ka maƙala ta kai tsaye a rodin ƙasa, kada ka jira sai an fara walƙiya.